Sakin Layi na Bakwai

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙon cewa Noreen muguwa ce, Allah Ya isar wa Baba Ezell, duk na gani, na kuma karanta. Wata ma cewa ta yi in ban fito da tsohon nan daga gidan yari yau ba, ita da labarina har abada. To Hajiya, ba ni na kulle shi ba. Ku dai karanta tukuna, in ya so sai ku yanke mata hukuncin.

* * *

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis, saura awa biyar a shiga kotu, Noreen Vasko ta tsayar da motarta a bakin lungun da ke bayan Titin Alder. Ta kashe mota, amma fita ta gagare ta.

Yau kwana arba'in da ɗaya Baba Ezell Tillery yana tsare. Tsoho ɗan shekara sittin da bakwai, ga ciwon suga, tun ranar da ita da abokan aikinta na sashen yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka ɓalle masa ƙofa. Hodar da suka je nema ko ƙurarta ba su gani ba. Abin da suka samu ragowar maganin kashe zafi ne na matarsa da ta rasu bara, sai wata tsohuwar bindigar farauta ta mahaifinsa a bayan kabad, duk tsatsa ta cinye ta. To amma Baba Ezell ya taɓa zaman gidan yari yana saurayi, wanda kuwa ya taɓa shiga can doka ba ta yarda ya ajiye bindiga ba, ko da ta ado ce. Shekara goma ake nema masa.

Ita kuwa abin da ya kawo ta lungun, magana ɗaya ce da lauyar tsohon, Barista Pruitt, ta jefa mata jiya a barandar kotu.

"Jami'a, kin taɓa tsayawa kin kalli yadda ake kwashe shara a lungun nan kuwa?"

Daga faɗin haka matar ta wuce abinta.

Tana nan zaune sai ga wata tsohuwa cikin ƙatuwar rigar sanyi ta buɗe ƙyauren gidanta ta ɓangaren hagu, tana jan durom ɗin shara da ƙyar a kan ƙanƙara. Maimakon ta ajiye shi a bayan gidanta, sai ta kama tsallaka lungun da shi.

Noreen ta fito da sauri.

"Mama, sannu da aiki. Kawo in taya ki."

"Yauwa 'yata, Allah Ya yi miki albarka. Ƙanƙarar nan so take ta ga bayana."

"Amma Mama, ba wancan ne gidanki ba? Me ya sa kike tsallako da shararki nan?"

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke baƙuwa ce ko? Ai motar sharar tamu hannu ɗaya gare ta, na dama. Tun da suka sallami mazan da ke ɗagawa suka kawo mana mai hannun ƙarfe, ba ta san da na hagu ba. Sau ɗaya take ratsa lungun nan ta yi gaba. In ba ki tsallako da naki ba, ki kwana da warinki har wani mako."

"Tun yaushe ake haka?"

"Shekara uku ke nan. Na rubuta musu takardar koke har na gaji."

Noreen ta ɗaga kai ta dubi lungun. Innalillahi! Duromi kusan ashirin a jere ta ɓangaren dama, ɓangaren hagu kuwa wayam, ko ɗaya babu. Ranar da ta zo ɗaukar sharar Baba Ezell a ɓoye don neman hujjar bincika gidansa, ita ma haka suke, idonta ne bai gani ba, don sauri take kada wani ya leƙo ta taga.

Ta nuna durom ɗin da ke jikin katangar gidan Baba Ezell, mai lamba 418.

"Wannan fa, na waye?"

"Wannan? Na yaran gidan can ne mai ruwan ɗorawa. Shi ne daidai ƙofarsu, ragwayen banza, ba sa iya ƙara taku biyu. Kullum motoci na tsayawa, wannan ya shiga wancan ya fita, ba mai minti biyar a ciki. Allah dai Ya shirya."

"Na Baba Ezell fa?"

"Ezell? Ga nasa can jikin turken wuta, mai zanen fure. Matarsa Loretta ce ta zana kafin ciwo ya kwantar da ita. A can take ajiyewa, shi ma ya ce ba zai canza mata wuri ba." Muryar tsohuwar ta ɗan karye. "Yanzu ni nake fito masa da shi duk Alhamis, ko da ba komai a ciki, don kada ɓarayi su gane gidan ba kowa."

Gida uku ne tsakanin durom mai fure da wanda Noreen ta tsoma hannu a ciki.

Tsohuwar ta ƙura mata ido, ta ƙara matsowa.

"Tsaya. Na san fuskar nan."

"Mama..."

"Ke ce! Ke ce kika fito da shi ba takalmi a kan ƙanƙara, yana roƙon ku bar shi ya ɗauki allurarsa. Ina tsaye a tagata na gan ki da idona!"

"Mama, don Allah ki saurare ni..."

"Sakar min durom ɗina. Na ce ki saki! Albarkar da na sa miki ma na janye abata."

Noreen ta saki. Ba ta san yadda aka yi ta koma mota ba, sai da ta ga makulli yana ta zamewa daga hannunta ya ƙi shiga.

* * *

Waɗanda suka manta, bari in tuna muku inda gizo yake saƙar.

Alƙali ba ya sa hannu a takardar izinin binciken gidan mutum sai an kawo masa ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce, an ɗaga hannu an rantse a gabansa. A sashen su Noreen kuwa ba mai zama ya rubuta sabuwar takardar rantsuwa. Akwai wata tsohuwa ta ogansu Saje Garrity a cikin kwamfuta, ta fi shekara goma, ita kowa yake buɗewa ya canza suna da lambar gida da kwanan wata, shi ke nan an gama. A sakin layi na bakwai an rubuta: "A cikin sharar na samu wasiƙa ɗauke da sunan mai gidan da adireshinsa."

Noreen ta samu 'yan ledoji masu ragowar farar hoda a cikin sharar, wannan gaskiya ne. Wasiƙa kuwa ba ta samu ba. Ranar Juma'a ce, ƙarfe huɗu saura kwata, alƙali kuma ƙarfe huɗu yake tashi. Ta leƙa ofishin Saje ta ce ko ta goge na bakwai? Ya ce, "Bar shi mana. Wace shara ce ba wasiƙa a ciki? Ba ki dai duba da kyau ba." Ta bar shi, ta je ta ɗaga hannunta na dama.

In aka cire layin nan, babu abin da ya haɗa ledar sharar da Baba Ezell. In babu dalili babu izini, in babu izini kuwa, bindigar ma ba ta zama shaida a kotu. Abin da za a zauna a kai ke nan yau ƙarfe biyu.

* * *

A ofishinsa ta samu Saje Garrity, ƙafa ɗaya kan tebur, yana cin biredi da ƙwai, kofi na tururi a gefe. Shekara talatin yana aikin nan. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mahaifinta a kafaɗa, shi ne kuma ya maƙala mata lambar aiki a ƙirji ranar da ta gama horo.

"A'a, 'yar Vasko! Ya na gan ki kamar wadda ta yi gamo?"

Ta tura ƙofa ta rufe, ta jingina da ita.

"Oga, daga lungun Alder nake."

"Uhm." Ya ci gaba da tauna.

"Durom ɗin da na ɗauki ledar nan a ciki ba na Baba Ezell ba ne. Na gidan da ke fuskantarsa ne."

"Na sani."

Ta zaci kunnenta ne bai ji daidai ba.

"Ka... ka sani?"

"Tun ranar da muka shiga. Ke, shekara talatin ina shiga gidajen dillalai, ban taɓa ganin dillalin da ke jera magungunansa a 'yar akwati mai ranakun mako ba. Ina ganin wannan na ce mun yi ɓatan kai."

"Kuma ka yi shiru? Kwana arba'in da ɗaya, Oga!"

"Rage murya." Ya sauke ƙafarsa daga tebur. "Zauna."

"Ba zan zauna ba. Barista Pruitt ta san zancen duromin. Ta kuma nemi a kawo jakar shaidar gaban kotu, a buɗe. Za a buɗe a ga ba wasiƙa. Na rantse a kan abin da babu, Oga, na shiga uku!"

Murmushi ya yi, irin wanda yake mata tun tana yarinya in ta faɗi daga keke. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗago wata jakar leda mai shara-shara, an liƙe bakinta da jan tef. Ya ɗora ta a gabanta.

"Duba da kyau. Na ce miki ba ki duba da kyau ba."

Ta duba. Ga 'yan ledojin da ta sani, ga gwangwanayen lemo, ga ɓawon ƙwai. A tsakiyarsu kuma ga wani farin ambulan na kamfanin wutar lantarki, gefensa ya jiƙe ya yi ruwan ƙasa. EZELL TILLERY, 418 ALDER.

Ta ɗago ta dube shi.

"Wannan ba ya ciki. Na rantse da Allah ba ya ciki. Sau uku na zazzage ledar nan."

"Yanzu dai yana ciki."

"Daga ina?"

"Daga kan firijinsa. Ranar da muka shiga na gan shi, na ce bari in ajiye, wata rana zai yi rana. Kada ki damu, na watan Janairu ne, ya girmi ranar da kika ɗauki sharar. Har ragowar kofina na zuba masa don ya yi kama da 'yan'uwansa." Ya yi dariya. "Ba ki ce an gode ba."

"Oga, wannan ai... wannan dasa shaida ne."

"Wannan ceton ranki ne."

Idonta ya sauka kan jan tef ɗin. Sa hannu ne a jiki, da shuɗin biro, da 'yar lanƙwasar da take yi wa harafin farko na sunan mahaifinta. Nan take ta tuna. Duk ranar Litinin kowa a sashen yakan zauna ya sa hannu a tef goma ya jefa a aljihun tebur, don a waje sanyi ba ya barin yatsa ya riƙe biro. Nata suna aljihunta na sama, wanda ba ta taɓa kullewa ba.

"Tef ɗina ka ɗauka."

"To na wa zan ɗauka? Jakarki ce." Ya kurɓi kofi. "Sunana ba ya ko'ina, 'yar Vasko. Ba ni na ɗauki shara ba, ba ni na rantse ba, ba ni na liƙe ba. Duk inda aka juya takardun nan ke za a gani."

Sai a lokacin ta zauna.

"Ki saurare ni da kunnen basira," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Matar nan za ta ɗaga jakar ta tambaye ki, ke kika samu ambulan ɗin nan a ciki? Ki ce e. Harafi ɗaya. Ta yi ta surutun durominta har gobe, in dai wasiƙarsa na cikin leda, sharar tasa ce. Ƙarfe uku kin fito, ki je ki ɗauko 'yarki Tess daga makaranta, ku sha askirim."

"In na ce a'a fa?"

"Rantsuwar ƙarya shekara biyar ce. Taɓa kayan shaida kuma nasa daban. Tess shekararta nawa, tara? Ki lissafa da kanki. Uwarki da ba ta iya hawa bene ce za ta riƙe ta, ko uban nata da ko katin ranar haihuwa ba ya aikowa?"

"Kada ka sa 'yata a ciki."

"Ba ni na sa ta ba, ke ce. Sannan mata nawa kika tura gidan yarin nan da hannunki? Talatin? Arba'in? Suna nan, ba inda suka je. Kin san irin tarbar da ake wa 'yar sanda a can."

Ta sani. Ta taɓa raka wata 'yar sanda da aka ɗaure asibiti daga can, fuskar ba ta ganuwa.

"Tsohon fa, Oga?"

"Bindigar ni na kai masa? Ba a gidansa aka same ta ba?"

"Ko harsashi ba ta da shi! Shekara goma ga mai sittin da bakwai da ciwon suga, a can zai mutu."

"Kowa ma mutuwa zai yi." Ya tattara takardar biredinsa ya jefa a kwando. "Kuma ba shi kaɗai ba ne. Takarda nawa kike zaton an rubuta da wannan sakin layin a shekara goma? In kika buɗe baki yau, gobe lauyoyin garin nan kaf za su yi layi a ƙofar kotu. Masu sayar wa 'yan makaranta guba, waɗanda muka sha wuya muka kama, duk za su fito suna mana gwalo. A kan tsoho ɗaya."

Hawaye suka bi kuncinta.

Ya zagayo ya dafa kafaɗarta. Hannun nan da ta saba jin sanyi in ya dafa ta, yau ji ta yi kamar an ɗora mata dutse.

"Na yi wa Vasko alkawari a bakin kabarinsa ba zan bari ki wulaƙanta ba. Je ki wanke fuskarki. Ki shafa ɗan jan baki, kada alƙali ya ga kamar ba ki da lafiya."

Ni kuwa na ce, Allah Ka raba mu da irin wannan riƙon amana.

* * *

Ta shige banɗakin kotu. Ta tsaya gaban madubi tana gwada faɗin "e", bakin ya faɗa lafiya lau, ko gargada babu. Wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Ƙarfe biyu da minti goma aka kira sunanta.

Hanyar zuwa kujerar shaida ta gefen teburin wanda ake ƙara ta bi. Ta yi niyyar kada ta kalle shi, idon ya ƙi. Baba Ezell na zaune cikin kayan fursuna masu ruwan lemo, rigar ta yi masa yawa kamar ta aro, ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifas. Ya ɗago ya dube ta, ya ɗan gyaɗa kai.

"Sannu 'yata," ya ce a hankali. "Ke ma kin rame."

Wayyo Allah! Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta ɗaga hannun dama ta rantse za ta faɗi gaskiya. Mai shari'a Halvorsen ne a kan kujera, shi ɗin dai da ta rantse a gabansa ranar Juma'ar nan. A layin baya, kusa da ƙofa, Saje Garrity ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kashe mata ido ɗaya.

Barista Pruitt ta miƙe. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta, murya kamar ta mai lallashin jariri. Duk ɗan sandan garin nan ya san muryar, ba kuma mai son jin ta.

"Jami'a Vasko, ke kika rubuta takardar rantsuwar nan?"

"Ni ce."

"Da hannunki, daga farko har ƙarshe?"

"Ni... ni na cike ta."

"Cikewa. To." Ta ɗan rubuta wani abu. "Kin san cewa mutanen ɓangare biyu na lungun nan duk gefe ɗaya suke jera shararsu?"

"Na sani."

"Tun yaushe kika sani?"

"Yau da safe."

Lauyan gwamnati ya ɗago kai da sauri. Saje ya sauke hannuwansa daga ƙirji.

"Ke nan ranar da kika ɗauki ledar ba ki san durom ɗin waye ba."

"Yana bayan gida mai lamba 418."

"Ba tambayar da na yi ba ke nan, amma bar ta. Karanta mana sakin layi na bakwai."

Aka miƙo mata takardar. Ta karanta, muryarta kamar ta wata.

Barista Pruitt ta je teburin akawu ta ɗauko jakar mai jan tef, ta ɗaga ta sama. Noreen ta ga lokacin da idon matar ya faɗa kan ambulan ɗin. Fuskarta ta canza, kafaɗunta suka ɗan sauka. Ashe ita ma ta zo ne da tabbacin ba za a samu komai a ciki ba. Ta juya ta dubi tsohon da take karewa, irin kallon da likita ke yi wa dangin mara lafiya.

Baba Ezell ya leƙa, ya karanta sunansa a jikin ambulan. Ya girgiza kai.

"Ni ba na zubar da takardar wuta," ya ce. "Loretta ta hana."

"Malam Tillery, ka yi shiru," in ji mai shari'a.

Barista Pruitt ta ajiye jakar a gaban Noreen. Da gani tambayar cika ƙa'ida ce kawai za ta yi ta zauna.

"Sa hannunki ne a kan tef ɗin nan?"

"Nawa ne."

"Wannan ambulan ɗin, ke kika same shi a cikin sharar, ranar da kika ɗauke ta?"

Agogon bango ya nuna biyu da rabi. Nan da rabin awa za a tashi su Tess, za ta fito da jakarta mai kunnen zomo ta tsaya jikin ƙarfen ƙofar makaranta tana leƙen mota. Harafi ɗaya ne tsakaninta da wurin.

"Jami'a, kotu na jiran ki," in ji mai shari'a.

Ta dubi Saje. Ta dubi kumburarrun ƙafafun nan cikin silifas.

"A'a."

"Me kika ce?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ba ya ciki. Ban samu wasiƙa ba, ko ɗaya. Layin nan a cikin tsohuwar takarda na tarar da shi, ban goge ba, na zo gabanka na rantse. Sharar ba ta Baba Ezell ba ce."

Kotu ta kaure da hayaniya. Mai shari'a ya buga guduma har sau uku. Baba Ezell ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa na girgiza. Ita kanta Barista Pruitt sai da ta dafa kujera kafin ta samu bakin magana.

"To in ba ya ciki... wa ya saka shi?"

Noreen ta buɗe baki ke nan, sai ta ga Saje ya miƙe. Ta zaci fita zai yi. Ina! Gaba ya taho, a natse, yana zaro wata takarda daga aljihun kwat ɗinsa. Ya miƙa wa lauyan gwamnati ta saman katako, ya raɗa masa magana a kunne.

Lauyan ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya tashi tsaye.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, yanzun nan wannan ta iso hannuna. Rahoto ne da Saje Garrity ya rubuta wa sashen ladabtar da jami'ai, da hatimin karɓa na jiya ƙarfe huɗu. Yana cewa ya ga Jami'a Vasko ta shiga ɗakin ajiyar kayan shaida ita kaɗai, ta fito da tef a hannu, yana kuma zargin ta buɗe wannan jakar."

Jiya! Tun kafin ya zauna yana cin biredinsa yana kiranta 'yar Vasko, ashe takardar na aljihunsa.

"Ƙarya ne!" Ta miƙe tsaye. "Wallahi ƙarya yake! Shi ne ya..."

"Jami'a Vasko!" Mai shari'a ya daka mata tsawa. Ya cire tabaraunsa ya ajiye, fuskarsa ta yi jawur. "Kada ki ƙara furta ko kalma ɗaya. Kina da 'yancin yin shiru. Duk abin da kika faɗa daga yanzu za a iya amfani da shi a kanki. Kina da 'yancin ɗaukar lauya, in ba ki da hali kotu za ta ba ki."

Leɓɓanta suka kama bin maganar da kansu, don ta haddace ta tun tana makarantar horo, ta karanta wa mutum ya fi ɗari. Saje ya koma kujerarsa yana girgiza kai, har da ciro hankici yana goge ido.

"A rufe ƙofar kotun nan, kada kowa ya fita," in ji mai shari'a. Ya juyo gare ta. "Kin fahimci abin da na faɗa miki?"

Ɗan sandan kotu take kallo, wanda suke gaisawa kullum da safe yana tambayarta ya Tess. Ya taho wajenta kansa a ƙasa, hannunsa a kan ankwa.